Na je sarin riɗi, na ɓuge da ganin Biram

Duk wanda ya zauna a ajin firamare a ƙasar nan ya haddace Hausa bakwai, ko da lallami ko da bulala. Daura, Kano, Katsina, Zazzau, Gobir, Rano, Biram. To shidan farko dai kowa ya san tashar da zai je ya hau mota, ko Gobir ɗin ma in ka ce Sabon Birni ko Tsibiri an gane, amma Biram fa? Ka tsaya a bakin kasuwar Sabon Gari ka tambayi masu wucewa ina ne Biram ka sha kallo, wani zai ce maka a Nijar take, wani ya ce ai ta ɓace tun zamanin da, wani ma ya zata sunan magani kake tambaya. Alhali tana nan a Jigawa, ƙasar Haɗeja, cikin ƙaramar hukumar Malam Madori, ita ce ake kira Garun Gabas, kuma mutane na ciki suna noma suna aure suna rigimar siyasa irin ta kowa.

Ni ba tarihi ne ya kai ni ba, riɗi ne. Ina da 'yar rumfa a Dawanau, kuma duk ɗan Dawanau ya san in kaka ta yi, wanda ya zauna a rumfa yana jiran kaya su same shi to ragowar wasu zai saya, da tsada kuma. Akwai wani dillali da muka daɗe muna hulɗa, mutumin wani ɗan ƙauye ne dab da Garun Gabas, kullum ya kawo kaya sai ya ce Alhaji ka zo mana ka ga inda abin nan yake fitowa, ka daina ganin kamar daga sama yake zubowa. Bana da na ga 'yan kamfani sun fara zagaye tun ba a gama girbi ba sai na ce to bari in riga su, na buga masa waya na ce gani nan.

A Yankaba na hau mota bayan sallar asuba, Sharon ce irin wadda ake cusa mutum biyu a gaba, aka ɗaure but da igiya saboda kaya sun hana shi rufuwa. Ban san me ya sa ba kowace motar haya sai ka samu mutum ɗaya da ya san komai, tamu wani mai jar dara ne, tun ba mu kai Gezawa ba ya gama gyara Najeriya, ya sauke farashin mai, ya canja gwamnoni uku. Muna ta dariya har muka shiga ƙasar Ringim. Amma da muka iso Majiya kowa ya yi tsit, har shi. Nan ne tankar mai ta faɗi ta kama da wuta a watan Oktoban 2024, mutum sama da 150 suka rasu, akasarinsu matasa. Wata dattijuwa a baya ta ce mu yi musu Ƙulhuwallahu, muka yi, direba ya rage gudu ya kashe rediyo, ba wanda ya sake magana sai da muka tsaya a Gujungu aka kewaye motar da farantan awara da rake da soyayyen kifi.

Daga nan ƙasa ta fara canjawa. Jar ƙasar da muka saba da ita ta koma fari-fari, rairayi ya yi yawa, ga kuka manya-manya sun fara zubar da ganye, ga gawo shi kuma lokacin ne yake fitar da nasa, ga goruba jefi-jefi. Gonaki duk an yanke gero an kwantar da kara, sai wake da zoɓo da suka rage jajawur a bakin kunya. Amalanken shanu kuwa ba a magana, kowanne an lafta masa dami har ba ka ganin yaron da ke korawa sai dai ka ji muryarsa.

Na sauka a Malam Madori rana ta ɗan ɗaga. Garin nan jirgin ƙasa ne ya raya shi, wannan ko ba a gaya maka ba za ka gani. Layin dogo da ya tashi daga Kano ya kai Nguru a 1930 ta nan ya ratsa, bai bi ta cikin Haɗeja ba, shi ya sa duk gyaɗar ƙasar Haɗeja nan ake tara ta, kamfanonin Turawa da Kwarori suka kafa sikeli, mutane suka taho daga ko'ina. Sai fari ya zo a 1973, cutar gyaɗa ta biyo baya a 1975, harkar jirgin ita ma ta bi ta lalace. Na tsaya a kan dogon ina jiran mutumina, awaki na kiwo a tsakanin ƙarafan, wata mata ta shanya kuɓewa a gefe hankalinta kwance. Abin da gyaɗa ta yi wa garin a da, yanzu riɗi da zoɓo ne suke ɗan yi masa, sai dai a bayan tirela suke tafiya.

Ya zo a kan babur ɗinsa Boxer, muka gaisa, ya ce Alhaji ka riƙe hula. Gaskiyarsa ne. Mun ɗan bi kwalta sannan muka sauka muka kama burji, daga burji muka faɗa rairayi zalla, inda babur ke wutsil-wutsil yana neman kayar da mu, shi kuwa ko a jikinsa, yana tuƙi yana nuna min gonaki da haɓa, wannan ta baffana ce, waccan ta bulama ce, waccan an yi shari'a a kanta. Eh, bulama suke da shi a nan, abin da mu za mu ce mai unguwa ko dagaci, kuma ba a nan kaɗai za ka ga hannun Barno a ƙasar ba, har a tukunya yana nan, don abin da aka fara ajiye min a gaba burabusko ne da miyar yakuwa da man shanu. Mahaifiyarsa da kanta ta leƙo zaure ta ce sannu da hanya ɗan nan, ya mutan Kano, ka ci fa da yawa kar ka je ka ce mun bar ka da yunwa. Na ce Inna ai ko rabin wannan na ci sai an ɗauke ni a amalanke.

Kafin a yi maganar ciniki sai da aka kai ni gaisuwa wajen bulama, haka tsarin yake, baƙo ba ya shiga gari ya fara auna kayan mutane ba a san da shi ba. Na cire takalmi na durƙusa na ce ranka ya daɗe, na ajiye ɗan goron da na taho da shi. Ya tambayi sunan mahaifina da unguwarmu, ya tambayi wa ya kawo ni duk da ga shi yana ganin wanda ya kawo ni ɗin, sannan ya ce to madalla, ka saya da kwanon da muka sani, kar ka zo mana da kwanon Kano. Aka kwashe da dariya. Sai daga baya na gane ba wasa yake ba gaba ɗaya, an taɓa yi musu, wasu 'yan sari sun zo da kwanon da aka bubbuge gindinsa ya ƙara zurfi.

Da la'asar muka tafi gona inda ake kakkaɓe. Na shekara ina sayar da riɗi ina zuba shi a tafin hannu ina hurawa ina cewa wannan fari ne wannan da ƙasa, amma ganin yadda ake fitar da shi daban ne. Shi riɗi ba a barinsa ya bushe a tsaye a gona, in ka bari kwanson ya buɗe da kansa to ka yi wa tururuwa noma. Ana yanke shi ne da lauje tun yana ɗanye-ɗanye ganyen ya fara rawaya, a ɗaure ƙanana-ƙanana, a jingina su tsaye kai sama a jikin wani itace da aka gicciya, a bar rana ta yi aikinta. In ya bushe sai a shimfiɗa tampol, mutum ya ɗauko ɗauri ɗaya a hankali ba girgiza, ya kifa kansa ƙasa ya ɗan bubbuga da sanda, sai ka ji shaaa kamar an fara yayyafi a kan kwano. Mai gonar wani dattijo ne siriri, ba ya yarda yara su ɗauko masa, shi yake zuwa da kansa yana tafiya sanɗa-sanɗa da ɗaurin a rungume, ya ce min Alhaji tsakanin can da nan in ka yi garaje ka zubar da kuɗin sabulu. Mata na gefe da faifai da rariya suna sheƙewa suna bakacewa, iska na kwashe ƙaiƙayin tana watsa mana a ido, wata yarinya kuma an sa ta gadin tampol da tsumagiya saboda kaji da awaki. Duk wannan wahalar, ƙarshenta riɗin nan a jirgin ruwa zai ƙare, ya tafi Chana ko Japan ko Turkiyya, mutumin da ya kakkaɓe shi ko Legas ɗin bai taɓa gani ba.

Ciniki bai yi sauƙi ba, kuma ban ga laifinsu ba. Yanzu kowa na da waya, kafin ka buɗe baki wani ya kira ɗan'uwansa a Maigatari ko Gujungu ya ji yadda aka tashi a kasuwa. Sannan ba sa son tiransifa ko kaɗan. Tun wahalar canjin kuɗi ta farkon 2023 da mutane suka sayar da kaya aka ce an tura, kuɗi suka maƙale a iska, dattawan nan suka yi rantsuwa sai tsaba a hannu, su lissafa su sake lissafawa su sa a aljihun 'yar ciki. Netwok ɗin ma sai ka hau wani tudu a bayan makaranta ka ɗaga waya sama. Akwai yaro ɗaya mai POS da ke cajin waya da sola a shagonsa, a ranar shi ya zama gwamnan babban banki, ana layi yana yanga.

Da dare bayan isha'i aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, sanyi ya fara saukowa, can gefe almajirai sun hura wuta da kara suna ta karatu kowa da inda ya nufa. A nan ne na yi subul da baka na ce wai da gaske nan kusa ne Biram ɗin da muke haddacewa? Wani tsoho da tun zuwana bai ce uffan ba, yana ta murza goro a magogi saboda ba haƙora, ya ɗago ya ce kai ɗan wane gari ne? Na ce Kano, Baba. Ya ce to gyara zama, ɗana ne kai.

Ya ɗauko labarin yadda kowa ya san shi. Bayajidda ya baro gabas ya sauka a Barno, Mai, wato sarkin Barno, ya ba shi 'yarsa Magira, daga baya zama ya ƙi daɗi ya gudo yamma da ita tana da ciki, da suka iso nan ta kasa ci gaba ya bar ta, ta haifi ɗa namiji, shi ne Biram. Shi kuma ya wuce Gaya maƙera suka ƙera masa wuƙa, ya isa Daura da dare ya sauka gidan tsohuwa Ayana, ya kashe macijin rijiyar Kusugu, ya auri Daurama aka haifi Bawo, 'ya'yan Bawo shida suka kafa sauran garuruwan. Sai ya nuna ni da magogin ya ce to lissafa mana, kai da ka iya lissafin buhu. Biram wan Bawo ne. Bagauda naku na Kano ɗan Bawo ne. Me Biram ya zama a wajen Bagauda? Na ce baffansa. Ya ce to ka zo gidan baffanka kana taya riɗi da rowa. Wallahi dariyar da aka yi min a daren nan har da masu leƙowa ta katanga.

Ni dai a raina ban ɗauki labarin Bayajidda a matsayin abin da ya faru daki-daki ba, masana da yawa ma suna ganin hanya ce da mutanen da suka bi suka bayyana yadda garuruwan nan suke 'yan'uwan juna da kuma alaƙarsu da Barno. Amma ko a hakan ka tsaya ka duba inda aka ajiye Biram a cikin labarin: uwa Babarbariya, uba baƙo mai wucewa, wuri kuma daidai inda ƙasar Barno ke ƙarewa ƙasar Hausa ta fara. Wanda ya tsara wannan ya san ƙasar nan sarai. Har yau in ka zauna a kasuwar yankin za ka ji Hausa, ka ji Fulatanci, ka ga Mangawa da tsagensu, ka ji Bafulatani da Babarbare suna tsokanar juna kowa na cewa ɗayan bawansa ne.

Washegari da hantsi muka hau babur muka shiga Garun Gabas ɗin kanta. In kana jiran ka ga ƙofa irin ta Nassarawa ko Ƙofar Mata to ka sauke buri. Gari ne na manoma, gidajen ƙasa da na bulo a cakuɗe, masallaci, makaranta, masu shayi, mai faci, tankin ruwa na sola da yara suka kewaye da jarkoki, fastocin 'yan siyasa da rana ta kodar a jikin bango. Wani dattijo da mutumina ya sani ya yarda ya zaga da mu, ya fita da mu bayan gari cikin gonaki yana tafe yana nuni da sandarsa, nan kufai ne, nan mutane suka zauna, ta nan iyayenmu suka ce garu ya bi. Ni da idona abin da na gani tudu-tudu ne na ƙasa da karan gero a kai, in ba an faɗa maka ba wucewa za ka yi. Sai da ya sa ƙafa ya tona ƙasa kaɗan ya ɗauko tsingaro ya miƙo min, gutsuren tsohuwar tukunya mai kauri da zane-zane a bakinta, ya ce in ana huɗa irin wannan garma ke ta fitarwa, yara ma jifa suke da su. Na juya shi a hannu na rasa me zan ce, ya karɓa ya jefar a inda ya ɗauko muka ci gaba.

Abin da ya faru da garin ba wani asiri ba ne. Kafin jihadi ƙasar nan ba sarki ɗaya ke riƙe da ita ba, ƙananan sarautu ne guda bakwai: Garun Gabas, Auyo, Haɗeja, Gatarwa, Kazura, Fagi da Dawa, kuma duk Barno suke bi ta hannun Galadima da ke Nguru. Haɗeja a lokacin ɗaya ce kawai a cikin jerin. Da Fulanin yankin suka karɓo tutar Shehu Usmanu, 'ya'yan Harɗo Abdure wato Umaru da Sambo, sai suka haɗe garuruwan nan ƙarƙashin sarauta ɗaya, Sambo ya zauna a Haɗeja daga 1808, shi ke nan ƙarfi ya koma can, ganuwa da kasuwa da dawakai duk suka bi. A Haɗejar ne aka yi Sarki Buhari da ya ƙi bin Sakkwato ya hana maƙwabta barci har ya rasu a yaƙin Gorgoram a 1863, a can ne kuma Sarki Muhammadu ya ƙi miƙa wuya ga Turawa a 1906 aka yi ta ɗauki-ba-daɗi har ya yi shahada shi da jama'a masu yawa. Duk wannan tarihin da Haɗejawa ke alfahari da shi, kuma sun isa su yi, an yi shi ne Garun Gabas tana gefe tana noman gero. Sannan Bature ya zo da dogo ciniki ya koma Malam Madori. Aka ƙirƙiro Jigawa a 1991 hedikwata ta tafi Dutse. Kowane juyi aka yi sai ya ɗauke wani abu ya kai wani wuri.

Na tambayi dattijon ko baƙi na zuwa ganin wurin. Ya ce jefi-jefi, ɗaliban jami'a su zo da littafi da biro su yi ta tambaya, a ɗauki hoto, su ce za su dawo. Bai faɗa da ɗaci ba, yadda mutum zai ba ka labarin damina haka ya faɗa. Ni ne ma na hau faɗa, na ce ai ya kamata a ce an kafa allo babba a bakin hanya, an kewaye kufan nan, ana kawo 'yan makaranta daga Kano da Dutse su gani da idonsu. Har yanzu ina kan bakana, allo ɗaya nawa zai ci? Amma shi da na gama sai ya ce to Allah ya sa, mu dai in za a tambaye mu, a fara da taki. Taki ya yi tsada, ƙasa ta gaji, yara samari da an gama girbi sai su ɗaure jaka su tafi cirani Kano da Abuja da Legas, wasu acaɓa wasu yankan farce wasu tura baro, gari ya rage daga tsofaffi sai mata sai ƙanana har ruwa ya faɗi. Ga maganar burtali, daminar duniya sai an zauna da Fulani a kan inda shanu za su bi, wani lokaci a gama lafiya wani lokaci sai an kai gaban hakimi.

Amma kar wani ya karanta wannan ya ɗauka mutane ne abin tausayi, a'a. Ranar da zan taho na ga an tashi gayya, ɗakin wata gwauruwa ne damina ta rushe, samarin da ba su riga sun tafi ba suka taru wasu na kwaɓa ƙasa wasu na miƙa tubali, mata suka dama kunu a babbar roba, kafin azahar bango ya kai kafaɗa, ba wanda aka biya ko sisi. Mata na da adashinsu na ranar kasuwa, kuma kuɗin zoɓo da yawansa nasu ne, su ke zama a tsakar gida suna ɓare shi hannuwa jajaye har wuyan hannu, da shi ake haɗa kayan ɗakin 'ya'ya. Zakkar hatsi kuwa tun a gona ake fitar da ita, dami na goma a ware gefe kafin a kai rumbu, na ga wannan da idona ba labari ba. Mu a birni sai mun kira malami ya yi mana lissafi da kwamfuta, sannan mu ce za mu duba.

Kayan da na saya a amalanke aka fitar da su zuwa bakin kwalta, don direban da na kira ya ce ko nawa zan ba shi ba zai sa motarsa a rairayin nan ba. Inna ta aiko min da ƙullin kantu da kuka dakakkiya da wata 'yar jarkar man shanu, na ce Inna wannan ai ya yi yawa, ta ce ba naka ba ne na matarka ne, ka ce ina gaishe ta. Tsohon nan mai magogi ma sai da ya sa aka kira ni, ya ce in gaida 'ya'yansa na Kano, in ce musu baffa na nan da rai.

Ban dawo kai tsaye ba, na ce tunda na zo nan ba zan koma gida ba kifin Haɗeja ba, ai sai a kore ni. Kasuwar kifin ta cika maƙil, tarwaɗa da ƙarfasa da banda a kwali-kwali ana lodi zuwa kudu. Masu kifin suna ta ƙorafin kachala, ciyawar nan da ta toshe hanyoyin ruwa tun bayan da dam ɗin Tiga da na Challawa suka canja yadda kogin ke tafiya, ga ambaliya irin ta 2020 da 2022 da ta cinye gonaki da gidaje. Abin mamaki, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba tsakanin masu kukan ruwa ya yi yawa da masu layi a tankin sola. Na sayi banda rabin kwali, a mota fasinjoji suka yi ta mita wai na cika musu hanci, mai mitar da ya fi kowa shi ya fara tambaya ko zan sayar masa da kaɗan.

Kaya sun iso Dawanau lafiya. Da yarana suka zazzage suka rairaye sai ga ƙasa ta fita a wasu buhunan fiye da yadda na yi zato, ba ta kai a yi rigima ba amma ta kai a yi magana. Na kira mutumina na ce kai, rairayin garinku ma da kuɗi kuka sayar min? Ya ce Alhaji ai ƙasar Biram ce, ka adana, ba kowa ke da ita a Kano ba. Na ce to na ji, amma a lodi na gaba za mu cire kuɗinta, ya ce sai dai mu raba.